Koci da Harshen Dabara: Abin da Filayen Ƙwallon Kudancin Kano Suka Rasa

Duk shekara da zarar an kawar da masara da dawa an kai rumbu, filayen makarantun firamare da na sakandare a kudancin Jihar Kano sukan koma hannun matasa. Daga Ɗansoshiya da Kwanar Ɗangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, zuwa Tiga a Bebeji, zuwa Tudun Wada, har can Riruwai a Doguwa bayan an ratsa dajin Falgore, da wuya mutum ya sami gari mai ɗan girma da ba shi da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, wani garin ma biyu gare shi ko uku. A wannan lokaci ne ake shirya gasar cin kofi, wadda galibi wani ɗan siyasa ko attajiri yake ɗaukar nauyinta, jama'a su yi dafifi a bakin fili, masu rake da masu gyaɗa su ma su sami nasu rabon. Wanda duk ya tsaya ya kalli irin waɗannan wasanni ba zai yi musun cewa akwai baiwa ba. Akwai gudu, akwai juriya irin ta wanda ya saba da garma, akwai kuma iya sarrafa ƙwallo a kan ƙasa mai tsauri da ko ƙwararre zai sha wuya a kanta.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wannan baiwa ba ta cika yin nisa ba? Amsar da aka fi bayarwa ita ce rashin kuɗi da rashin fili da rashin wanda zai tsaya wa yaro, kuma duk gaskiya ne. Amma a matsayina na malamin kimiyyar harshe, ina da wata amsa da nake so mai karatu ya auna tare da ni. A nawa ra'ayin, babban giɓin da ke tsakanin yaranmu da takwarorinsu na wasu wurare shi ne sanin aikin da kowa zai yi a cikin fili, kuma wannan giɓi daga harshe ya samo asali. Ɗan wasa ba zai iya riƙe aikin da ba a raɗa masa suna ba, ba a kuma fayyace masa shi cikin harshen da yake tunani da shi ba.

Mu duba yadda ake raba aiki a ƙungiyoyinmu na ƙauye. Koci, wanda sau da yawa tsohon ɗan wasa ne ko malamin makaranta ko tela da ke yin aikin don sha'awa ba tare da ko sisi ba, zai tara yara kafin a take wasa ya ce wane kai ne lamba biyu, wane lamba huɗu, wane lamba tara. Da an busa usur kuma, umarnin da za a riƙa ji daga bakin fili bai wuce "buga", "fitar da ita", "yi makin", "ba shi fasin" ba. Yaron da aka ba lamba huɗu ya san inda zai tsaya lokacin da za a fara wasa. Amma ina zai koma idan lamba biyu ya haura gaba ya bar gefensa a buɗe? Wa zai bi, wa zai ƙyale? Idan ya ƙwato ƙwallo, wa zai fara nema da ido? Lamba ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Shi ya sa za ka ga 'yan wasa ashirin sun dunƙule wuri guda suna bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba, sauran fili kuwa fayau. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mafi yawan ƙwallayen da ake zurawa a gasarmu ta irin wannan tsaga suke shiga.

Su kansu lambobin nan suna da tarihin da ya kamata a sani. Daga Ingila suka zo, inda aka wajabta sa su a gasar lig a 1939, kuma an jera su ne bisa wani tsohon tsari na mutum biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. Lamba 2 da 3 su ne 'yan baya, 4 da 5 da 6 'yan tsakiya, 7 zuwa 11 'yan gaba. Tun kafin a wajabta lambobin ma tsarin ya fara sauyawa, domin bayan an gyara dokar satar gida a 1925, Herbert Chapman na Arsenal ya janyo ɗan tsakiyar nan na tsakiya ya mayar da shi baya. Daga nan kowace ƙasa ta ci gaba da motsa lambobin yadda ta ga dama. A filayenmu na Nijeriya an saba kiran mai tare hanya a gaban 'yan baya da lamba huɗu, a bar biyar da shida ga masu tsaron tsakiyar baya. Amma yaron da ya kwana yana sauraron masu sharhin Turai a gidan kallon ƙwallo zai ji suna kiran wannan mai tare hanya da lamba shida. Kenan koci da ɗan wasansa suna iya furta kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi. A ilimin harshe wannan shi ne mafi munin rashin fahimta, domin babu wanda ya san an yi shi balle a gyara.

Domin mai karatu ya ga abin da suna yake yi wa aiki, bari in ɗauke shi zuwa wani wasa da ba ma yin sa a nan, wato ƙwallon Ostareliya. Na zaɓe shi ne saboda wasa ne da mutanen wuri guda suka ƙirƙira, suka kuma gina masa kalmomin kansu, ba su jira an kawo musu daga wani wuri ba. A 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills ya rubuta wasiƙa a jarida yana ba da shawarar a kafa ƙungiyar ƙwallo domin 'yan kurket su riƙa motsa jiki a lokacin sanyi. A 1859 aka rubuta dokokin farko a birnin Melbon, shekara 4 kafin Ingila ta rubuta dokokin ƙwallon ƙafar da muka sani a 1863. Ana yin wasan a fili mai siffar ƙwai wanda tsawonsa kan kai mita 135 zuwa 185, kowane ɓangare da mutum 18. Ƙwallon ma mai siffar ƙwai ce. Ana buga ta da ƙafa, ana kama ta da hannu, amma ba a jefa ta, sai dai a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan zuwa ga abokin wasa. A kowane ƙarshen fili akwai turaku 4. Wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ya ci maki 6, idan ta bi ta gefe maki 1. Babu mai tsaron raga, babu kuma dokar satar gida.

A irin wannan makeken fili, da mutum 36 suna kai-kawo ba tare da wata doka da ta hana kowa zuwa ko'ina ba, in babu rabon aiki wasan zai zama hargitsi tsantsa. To, yaya suka yi? Sun raɗa wa kowane gurbi suna daga abubuwan da kowa ya sani. A tsarin gargajiya akwai sahu 5 na mutum uku-uku, da wasu mutum 3 da ake kira mabiya, saboda aikinsu bin ƙwallo duk inda ta nufa. Lungunan da ke kusa da turaku sun kira su aljihu, akwai aljihun gaba da aljihun baya. Gefen sahu na biyu da na huɗu sun kira shi kwiɓi, gefen tsakiya kuwa fiffike. Cikin mabiyan nan akwai dogon da ke tsalle ya doke ƙwallo idan alƙali ya tayar da ita sama, akwai kuma gajere mai zafin nama da ke tsintar abin da dogon ya kakkaɓo, wanda sunansa a harshensu yake nufin mai yawo. Yaro ɗan shekara 10 a can idan aka ce masa yau kai ne aljihun baya, ya ga wurin a zuciyarsa, ya kuma san cewa nasa shi ne ya hana ƙaramin maharbin abokan hamayya sakat.

Da yake suna da kalmomin, sai kocinsu suka sami abin da za su yi tunani da shi, su kuma sauya wasa da shi cikin ɗan lokaci. Misalin da ya fi shahara shi ne wasan ƙarshe na 1970 tsakanin Carlton da Collingwood, wanda mutum 121,696 suka kalla a fili. An tafi hutun rabin lokaci Collingwood tana gaba da maki 44, tazarar da kowa ya ɗauka an gama. A wancan zamani, miƙa ƙwallo da naushin hannu a kusa da gida abu ne da ake ganin ganganci, an fi son a yi dogon bugu a rabu da ita. Kocin Carlton, Ron Barassi, ya umarci 'yan wasansa su riƙa miƙa ta da hannu a ko'ina, su kuma ci gaba da gudu ba tsayawa. Ya kuma sako wani ɗan benci mai suna Ted Hopkins, wanda ya ci ƙwallo 4. Carlton ta yi nasara da maki 111 da 101. Abin lura shi ne, umarnin nan ya yi aiki ne domin gajere ne, kuma kowa a ɗakin ya san ainihin abin da kalmar take nufi. Ba a koya musu sabon abu a cikin 'yan mintocin hutu ba, an kira sunan abin da suka riga suka sani ne aka ce shi za a yi.

Haka aka ci gaba. Da ƙungiyoyi suka fara janyo kusan dukkan 'yan wasansu baya domin toshe hanya, sai aka kira dabarar da ambaliya. Ƙungiyar Sidni a ƙarƙashin Paul Roos ta sha suka cewa wasanta na cunkoso ba shi da daɗin kallo, amma da shi ta ɗauki kofi a 2005, karo na farko cikin shekara 72. A 2008 Alastair Clarkson na Hawthorn ya zo da tsarin da 'yan wasa ke gadin yanki maimakon gadin mutum, suna motsawa tare kamar garke, 'yan jarida suka raɗa masa sunan curin Clarkson, kuma a shekarar ya doke Geelong a wasan ƙarshe, ƙungiyar da sau ɗaya tak aka ci ta a duk wasannin share fage na kakar. Cunkoson ya kai ga hukumar wasan ta kafa doka a 2019 cewa duk lokacin da za a tayar da wasa daga tsakiya, dole kowace ƙungiya ta ajiye 6 a gaba, 6 a tsakiya, 6 a baya. Dabara ta sami suna, an yi mahawara a kanta a jarida da rediyo, an samo maganinta, maganin ma ya sami nasa sunan. Da haka ilimin wasa yake taruwa daga tsara zuwa tsara.

Akwai wani gurbi nasu da nake so kocinmu su yi nazari a kansa. Shi ne na ɗan wasan da ake ɗora wa aiki guda, ya liƙe wa gwanin abokan hamayya daga farkon wasa har ƙarshe ya hana shi rawar gaban hantsi. Da Hausa sai in ce kaska. Irin wannan ɗan wasa yana iya gama wasa bai taɓa ƙwallo da yawa ba, amma ya yi aikinsa cif. A 2012 ƙungiyar Fremantle ta ba Ryan Crowley, wanda wannan ne aikinsa, lambar gwarzon ɗan wasanta na shekara. Mu kuwa a gasarmu kyauta ta wanda ya fi zura ƙwallo ce, wani lokaci a haɗa da mai tsaron raga. Yaron da ya hana a ci garinsu babu mai tuna shi, saboda aikinsa ba shi da suna, abin da ba shi da suna kuwa ba a yi masa kirari. Sakamakon haka kowane yaro so yake ya zama lamba tara ko lamba goma, wanda aka tura baya kuma gani yake an rena shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hikima ta Turawa ce kawai. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa taron da zai yi aiki tare sai an raba masa muƙamai masu suna. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai shugabanci da yanke shawara, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, yana da uban dawaki. Rundunar yaƙi tana da 'yan lifidi da 'yan baka da dakaru, kowa da inda yake tsayawa da lokacin da yake shiga. Mafi kusa da zancenmu shi ne wasan langa, wanda da yawa daga cikinmu muka yi a dandali da farin wata, kuma yana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa tare da dambe da kokawa. A langa kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, wanda ya saki ko ya faɗi ya mutu. Amma ba kowa ne daidai da kowa ba. Akwai ruwa, wanda shi ake so ya isa wurin sha, sauran kuma wasu su kare shi, wasu su buɗa masa hanya, wasu su tafi farautar ruwan abokan karawa. Ƙarfaffan yaro ba ya jin an ƙasƙanta shi don an ce ya tsaya ya kare ruwa, domin ya san in ruwa ya sha, duka ɓangarensu ne ya sha. Babu koci, babu allo, amma yara 'yan shekara 12 suna tsara dabara suna aiwatar da ita, saboda wasan yana magana da harshensu. Yaran nan su ne dai idan suka shiga filin ƙwallo sai su rikice. Basirarsu ba ta ragu ba, kalmomin ne suka ƙare musu.

Na san za a kawo mini suka iri uku, kuma kowanne ya cancanci amsa. Na farko, za a ce Ingilishi shi ne harshen ƙwallon duniya, yaron da ke burin zuwa Turai gara ya saba da shi tun yanzu. Amsata ita ce ƙasashen da suka fi kowa fitar da 'yan wasa da kociyoyi da harshensu suke tunanin wasan. Italiyawa suna da libero, wato 'yantacce, ɗan bayan da ba a ɗaure shi da gadin kowa ba, suna da regista, wato mai ba da umarni kamar na shirin fim. 'Yan Brazil suna kiran mai tare hanya a tsakiya volante. Babu wanda ya hana ɗan Brazil taka leda a Ingila don ya koyi aikinsa da Fotugis. Wanda ya fahimci aiki da harshensa, koyon sunansa da wani harshe kwana kaɗan ne. Wanda ya haddace sunan bai fahimci aikin ba kuwa, ko shekara nawa ya yi yana furta shi yana nan inda yake. Ni ba na faɗa da kalmomin aro. Hausa ta ari gola da fenariti da kwana da koci ta mayar da su nata, kuma sun zauna daram. Matsalar ita ce kalmar da aka aro fatarta aka bar namanta a can. Ɗauki makin alal misali. A bakin yaranmu ma'anarta ɗaya ce, ka manne wa mutum. To, idan koci yana so yaro ya tsare wuri ya ƙyale mutumin, da wace kalma zai faɗa masa?

Na biyu, za a ce ana maganar yaran da ba su da takalmi da ƙwallo mai kyau, kai kana maganar kalmomi. Gaskiya ne akwai rashi, kuma alhakin gyara fili da samar da kayan wasa yana wuyan ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha. Sai dai cikin duk abubuwan da ƙungiyar ƙauye take buƙata, bayani ne kaɗai ba ya cin ko kwabo. Kocin da ba shi da allo yana da ƙasa da tsinke da duwatsu 11. Na uku, za a ce wasan Ostareliya da hannu ake yin sa, ina ruwansa da tamaula? Ban ce a kwaikwayi wasansu ba. Abin da na ce a duba shi ne yadda suka mallaki wasansu ta hanyar raɗa wa sassansa suna, kuma wannan darasi bai san hannu ko ƙafa ba.

Idan ana son shaida daga gida cewa sanin aiki yana rinjayar suna da kuɗi, ga Kano Pillars nan. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 2 da 2 a Alƙahira, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe. Babu mai cewa Pillars ta fi Al Ahly dukiya ko fitattun sunaye. Shehu Abdullahi, wanda ya bi ta Pillars kafin ya tafi ƙetare, ya sami gurbi a Super Eagles har zuwa gasar cin kofin duniya ta 2018, kuma abin da aka san shi da shi shi ne iya riƙe gefen dama na baya da kuma tsakiya, duk inda aka ajiye shi. John Mikel Obi ya haska a matsayin mai shirya hari a gasar matasa ta duniya ta 2005, inda ya zo na biyu bayan Lionel Messi a jerin gwarazan gasar, amma da ya je Chelsea a 2006 aka mayar da shi mai tare hanya, kuma da wannan aiki ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012. Masu neman 'yan wasa idan sun zo gwaji ba gwanintar yanka kawai suke kallo ba, suna kallon inda yaro yake tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Yaron Doguwa da ya sayar da buhun masara ya yi kuɗin mota zuwa Kano domin gwaji na yini guda, a wannan ma'auni ake yawan kayar da shi, ya koma gida bai san dalili ba.

Saboda haka ina da shawarwari. Da farko, mu masana harshe mu sauko daga bene. Mun riga mun nuna cewa aikin yana yiwuwa, domin an samar wa nahawu da adabi kalmomin fannu na Hausa tun 1990, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyo su ma sun yi nasu ƙoƙarin, su ne suka yaɗa satar gida da bugun tazara da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Amma kusan duk waɗannan kalmomin dokar wasa ne, na dabarar wasa su ne ba mu da su. Ya kamata a zaunar da malaman harshe da malaman motsa jiki da masu sharhi da kociyoyin ƙauye wuri guda, a fitar da ɗan littafi mai zane wanda ba zai gagari aljihu ba. Ana iya gwada ganuwa ga sahun baya, makiyayi ga mai tare hanya da ke tattaro ƙwallo ya kora ta gaba, madugu ga mai tsara tafiyar wasa, dillali ga mai haɗa tsakiya da gaba, kaska ga mai liƙe wa gwani, gadin fegi da gadin mutum ga hanyoyin tsaro biyu, taron dangi ga matsa wa mai riƙe da ƙwallo. Waɗannan misalai ne kawai. Kalma ba ta rayuwa da umarnin malami, bakin 'yan wasa ne zai tace, ya riƙe wadda ta yi masa daɗi ya watsar da saura.

Na biyu, sassan wasanni na ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kai da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su shirya wa kociyoyin ƙauye bita ta 'yan kwanaki da Hausa zalla, a ƙarshen damina kafin a fara gasa. Kwasa-kwasan horar da koci na ƙasa da Ingilishi ake yin su, kuma a manyan birane, alhali mutumin da ya fara taɓa yaro shi ne wannan tela ko malamin firamare, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, masu sa kofi su ware kyauta ga gwarzon ɗan baya da gwarzon ɗan tsakiya da kuma kocin da ƙungiyarsa ta fi tsari, ko da ba ita ta ɗauki kofin ba. Abin da aka yi wa kyauta shi yara za su yi rububin koya. Na huɗu, gidajen rediyonmu su rage wa labarin cinikin 'yan wasan Turai 'yan mintoci, su ba wani koci dama ya bayyana da Hausa dalilin da ya sa aka ci wata ƙungiya, ba sunan wanda ya ci ta kawai ba.

Shawara ta ƙarshe ga kocin kansa take, kuma ba ta jiran kowa. Kafin wasa na gaba, ya tsayar da yaransa 11 ya ce kowa ya faɗi aikinsa da Hausa cikin jimla biyu, ɗaya ta lokacin da ƙwallo ke hannunmu, ɗaya ta lokacin da take hannun abokan karawa. Wanda ya iya faɗa zai iya yi, ko da ba yau ba. Wanda ya tsaya yana maimaita lambar rigarsa kuwa, to koci ya san daga inda horon gobe zai fara. Wannan gwaji ba ya buƙatar takalmi, ba ya buƙatar shugaban ƙaramar hukuma, kuma ana iya yin sa a filin firamaren Ɗansoshiya kamar yadda ake iya yin sa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da fatan masu ruwa da tsaki za su duba, kafin wata kakar ta zo ta wuce da wani rukunin yaran.